Satar Babur Ta Yi Yawa: Wace Na'ura Ya Kamata Mu Saya?

Na san wata za ta ga kan wannan magana ta ce, "To, Malama, mu ina ruwanmu da babur? Tuƙi muke yi ko gyara?" Ki yi haƙuri ki karanta tukuna. Gaskiya ne a garuruwanmu na arewacin Nijeriya ba kasafai ake ganin mace riƙe da kan babur ba, ko da yake a Maraɗi da Damagaram da Yamai 'yan uwanmu mata suna tuƙa abinsu zuwa ofis da kasuwa, ba mai ko ɗaga ido ya dube su. Amma in aka bi diddigin kuɗin da aka sayi baburan nan da ke yawo a titi, sau da yawa za a tarar a ɗakin mace suka kwana kafin su isa kanti. Wata kwasar adashinta ce, wata ragunan da ta yi kiwo ne ta sayar gab da Babbar Salla, wata gadon mahaifinta ne, wata kuwa 'yan kunne da sarƙar aurenta ta kai kasuwa. Ta sayi babur ta ba ƙanenta ko ɗanta ko wani yaron unguwa yana haya, kullum da dare ya kawo mata balas. Wanda kuma ba na haya ba, shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai gida wurin aiki, shi ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Ran da aka sace shi kuwa, tukunyar gidan ce ke fara sani.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne abin da ya sami wata abokiyar aikina. Shekara biyu cur tana zubin adashi, ta hana kanta sabon zane har na Salla, ta sayi Boxer sabo fil ta danƙa wa ƙanenta. Bai cika wata uku ba yaron nan ya tsaya a ƙofar wani shagon magani bayan Magariba, ya kulle wuyan babur, ya shiga. Bai yi minti biyar a ciki ba. Da ya fito sai ya ga wayam. Kashegari a ofishin malamai kowa ya zama gwani: wannan ya ce ai da ta sa masa tiraka da yanzu an gano shi, wancan ya ce a'a, da sikiriti ta sa da ko tashi ba zai yi ba. Duk ihu ne bayan hari. Amma da baiwar Allah ta share hawaye ta sake shiga wani adashin, sai ta tambaye ni wanne za ta sa in Allah ya sake hore mata. Shi ya sa na zauna da masu aikin wayarin da masu haya, na kuma karanta abin da ya sawwaƙa, ga abin da na samo.

Da farko dai ya kamata mu san dalilin da ya sa babur ya zama nama a idon ɓarawo. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Baburanmu kuwa, Boxer da TVS daga Indiya suke, Jincheng da Haojue daga ƙasar Sin, ko an haɗa su a nan da dala aka sayo kayansu. Saboda haka a 2024 sabon Boxer ya wuce naira miliyan 1, watau ninki biyu ko fiye na kuɗinsa shekara biyu kafin nan. A shekarar aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ku yi lissafi da kanku: ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin fiye da wata 14, bai ci ba bai sha ba, kafin ya mai da abin da aka ɗauke masa cikin minti biyar. Da sabo ya yi tsada, na hannu ma ya yi tsada, kayan gyara ma haka. Ɓarawo ba ya ma bukatar ya sayar da babur ɗungurungum. In ya kwance inji da ƙafafu da tanki, kowanne da mai sayensa.

Akwai kuma wata kasuwar da ta fi wannan muni. 'Yan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja a kan babura suke kai hari, har ta kai sukan sa babura cikin abin da suke nema na fansa in sun sace mutane. Wannan ne ya sa a watan Yuli na 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana tunanin hana hawan babur a ƙasa baki ɗaya, ko da yake ba a zartar ba. Kafin nan an hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006, an hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a watan Janairu na 2013. Duk wannan bai rage son babur ba, sai dai ya tura shi bayan gari da ƙauyuka, inda ba ofishin 'yan sanda kusa, daji kuma yana nan a bakin hanya.

To, na'urorin nan biyu da ake ta ambata, mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne, alhali kuwa aikinsu ya sha bamban. Ɗaya tana hana babur tashi. Ɗaya kuwa ba ta hana kome, sai dai ta gaya miki inda aka kai shi.

Mu fara da mai hana tashi, wadda masu babur ke kira sikiriti. Babur ba ya tashi sai wuta ta isa fulogi ta kunna man da ke cikin inji. Abin da wannan na'ura ke yi shi ne ta yanke hanyar wutar, ta yadda ko an murɗa makulli, ko an yi ta kiki har gumi ya karyo, inji ba zai amsa ba. Tana da iri-iri. Mafi araha shi ne ɗan maɓallin da mai wayarin ke ɓoyewa a wani lungu na jikin babur, mai shi kaɗai ya san wurin. Akwai mai rimot da jiniya, wadda ke ƙara in an taɓa babur. Akwai kuma wadda mahayi ke riƙe wani ɗan abu kamar maɓallin riga a aljihunsa, in babur ya yi nisa da shi sai inji ya mutu da kansa. Manyan babura masu tsada na kamfanoni irin su Honda da Yamaha sukan zo da irin tasu tun daga masana'anta, a cikin makullin kansa, amma baburan da muke saye ba su da wannan gata, makullinsu kuwa kowane mai gyara zai gaya miki ba wani abin dogaro ba ne.

A Turai an daɗe da gwada wannan dabara a kan motoci. Tun 1998 aka wajabta wa kowace sabuwar mota a ƙasashen Tarayyar Turai ta zo da na'urar hana tashi, kuma wasu masana tattalin arziki biyu, Jan van Ours da Ben Vollaard, sun buga bincike a 2016 wanda ya nuna satar mota ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 saboda ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kada mu manta mota ba ta ɗaukuwa a hannu. Boxer nauyinsa tsakanin kilo 110 ne da 125, bai fi buhun masara ɗaya da ɗan ɗori ba. Ƙarti biyu sun isa su cicciɓe shi su jefa a bayan a-kori-kura, mutum ɗaya ma yana iya tura shi ya shiga lungu kamar wanda mai ya ƙare masa, ba wanda zai tambaye shi. Saboda haka sikiriti maganin ɓarawon sauri ne, irin wanda ya yi wa ƙanen abokiyar aikina, mai son ya hau ya tayar ya ɓace kafin a ankara. Irin wannan ɓarawon shi ya fi yawa a ƙofar masallaci da kasuwa da asibiti da gidan biki, kuma in ya yi kiki biyu bai tashi ba, ba zai tsaya neman dalili ba. Wanda ya zo da mota da abokan aiki kuwa, wannan sai sarƙa mai kauri da kwaɗo, a ɗaure babur da wani abin da ba ya motsi.

Jiniya kuwa, ni ban ba ta muhimmanci ƙwarai ba. A unguwarmu akwai wani mai irinta, akuya ta goga jiki ta yi ƙara, yaro ya jingina ta yi ƙara, har mun saba, yanzu ko leƙowa ba mai yi. Ga shan batir.

Yanzu sai na'urar bin sawu, watau tiraka. 'Yar ƙaramar aba ce, ba ta fi akwatin ashana ba, ana ɓoye ta a jikin babur a haɗa ta da batir. Da ƙafa biyu take tafiya, kuma fahimtar ƙafafun nan biyu shi ne rabin sanin abin da za a saya. Ƙafa ta farko ita ce taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda Amurka ta harba, suna kewaya duniya a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Na'urar tana sauraron saƙonsu, in ta ji aƙalla huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take, a fili ba ta kuskure fiye da 'yan taku. Wannan sauraro kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Amma sauraro kawai take yi, ba ta iya mai da wa taurarin magana. To, yaya za ta gaya miki abin da ta gano? Nan ne ƙafa ta biyu ta shigo: akwai layin waya a cikinta, irin sim ɗin da ke cikin wayarki, da shi take aiko saƙo ko ta nuna miki ɗigo a kan taswira. In ƙafa ɗaya ta karye, tafiya ta tsaya.

Ƙafar farko takan yi rauni in an shigar da babur ƙarƙashin rufin kwano mai kauri ko ɗakin kankare ko cikin kwantena, domin saƙon taurari ba shi da ƙarfin ratsa su sosai. Duk da haka takan nuna wurin da ta gani na ƙarshe, watau ƙofar da aka shiga, wannan ma babban taimako ne. Ƙafa ta biyu ita ce mai yawan ciwo a ƙasarmu. Mu tuna a watan Satumba na 2021 an rufe sabis ɗin waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da ƙananan hukumomi da dama a Katsina da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren har watanni. Duk wanda ke da tiraka a wuraren nan a lokacin, kurma ce kawai yake ɗauke da ita. Ko ba a rufe ba, dazuzzukan da ake kai baburan sata galibi ba sabis. Haka nan wanda ke zaune kusa da iyaka, kamar Jibiya ko Maigatari ko Illela, ya sani cewa babur na iya tsallakawa Nijar cikin rabin sa'a, layin Nijeriya kuwa in ba an buɗe masa yin aiki a ƙasar waje ba, yana yin nisa da iyaka zai yi shiru. Saboda haka amfanin tiraka yana cikin sa'a ta farko ne. Wadda ba ta tashe ki daga barci sa'ad da aka motsa babur ba, sai da safe kika duba, ta yi rabin aiki ne kawai.

Daga nan za a ga irin tambayoyin da ya kamata a yi wa mai sayarwa. Shin tana aiko saƙo nan take in an girgiza babur ko an fitar da shi daga unguwa? Tana da ɗan batir nata na kanta, domin in ɓarawo ya cire batirin babur ta sami sukunin yin kuka na ƙarshe? Ruwan damina ba ya shigarta? Nawa take sha daga batir? Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin batirin babur ƙarami ne, in mai gida ya yi tafiya babur ya yi mako biyu a jingine, mara kyau takan shanye shi tas. Layin da za a sa mata kuwa, a zaɓi wanda ke da sabis a hanyoyin da babur ɗin ke bi, ba wanda ya fi arahar kira ba. Masu arahar cikinsu da tsohon sabis na 2G suke aiki, wannan kuwa ba aibu ba ne, domin shi ya fi kaiwa ƙauye.

Akwai wani abu da na ga mata da yawa ba su lura da shi ba, shi ne da sunan wa aka yi rajistar layin. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, a watan Satumba na 2024 kuma aka rufe waɗanda ba a haɗa ba. Bugu da ƙari, layin da ya yi wata da watanni ba a sa masa kuɗi ko an yi amfani da shi ba, kamfani na iya rufe shi. Wata za ta biya kuɗin na'ura ta koma gida hankali kwance, ashe layin da ke ciki ya mutu tun bara, ba za ta sani ba sai ranar da ake nemansa. In mai sayarwa ne ya sa layi da sunansa, to, shi ke riƙe da igiyar, ba ke ba. Ki je da layin da aka yi wa rajista da sunanki, ki riƙa sa masa kuɗi kamar yadda kike biyan kuɗin wuta, kuma kowace Juma'a ki buɗe waya ki tabbatar ɗigon yana motsi.

Sa'an nan ga maganar lambar sirri, wadda ta fi ba ni tsoro. A 2019 masu bincike na kamfanin Avast sun gano na'urorin bin sawu wajen 600,000 da aka sayar a duniya duk da lambar sirri ɗaya, 123456. A watan Yuli na 2022 kuma hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi game da wata na'urar ababen hawa mai suna MiCODUS MV720, cewa baƙo daga nesa yana iya ganin inda abin hawa yake, har ya yanke masa mai. Ita ma da 123456 take zuwa. Ku duba fa: kin sayi mai gadi, ashe kowa na iya tambayarsa inda kike ajiye kayanki ya faɗa. An sayar da kare an sayi biri ke nan. Saboda haka a ranar da aka ɗaura na'ura, kafin a bar shagon, a canja lambar, kuma ba a gaban yaran shago ba. Ba ina zargin masu wannan sana'a ba ne, mafi yawansu neman halaliyarsu suke yi. Amma wanda ya ɓoye na'ura ya san inda ya ɓoye ta, in kuma shi ya buɗe miki asusun a wayarsa, kullum dare yana ganin zauren da babur ke kwana. A nemi wanda aka sani, mai shago tsayayye, wanda in an dawo baɗi za a same shi.

Wata ta tambaye ni game da 'yar ƙaramar abar nan ta kamfanin Apple mai suna AirTag, wadda ta fito a 2021, ba ta bukatar layi, batirinta kuma yakan kai shekara. Ita ba ta magana da taurari ko kamfanin waya. Jira take wani mai iPhone ya gifta kusa da ita, sai ta aiko saƙo ta wayarsa. A Landan wannan dabara ce mai kyau. A hanyar ƙauyenmu kuwa, inda Tecno da Itel suka cika aljihu, za ta daɗe tana jira. Daɗin daɗawa an yi ta ne yadda za ta sanar da wanda take bi cewa ana bin sa, har ta yi ƙara.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi babur tsada. Ba duk sata ce ake yi a ɓoye ba. Sau nawa muka ji an tare ɗan acaɓa da dare, ko fasinjan da ya ɗauka ya kai shi bayan gari, aka sare shi ko aka kashe shi saboda babur? A nan zaɓin na'ura na iya zama zaɓi tsakanin rai da mutuwa. In sikiriti irin wanda ke hana tashi nan take ne, 'yan fashi suka yi kiki bai tashi ba alhali yaron yana hannunsu, a kansa za su huce har sai ya nuna maɓallin. Wanda ya fi dacewa da babur na haya shi ne irin wanda ke barin babur ya tafi, sai ya yi nisa sa'an nan inji ya mutu, lokacin yaro ya riga ya tsira da ƙafafunsa. Kuma duk wadda ta ba ɗan wani babur ta gaya masa da bakinta, tun ranar farko, cewa in an tare shi ya miƙa makulli. Yara da yawa suna tsayawa kokawa ne saboda tsoron abin da za su faɗa wa mai babur.

Yawancin na'urorin bin sawu na yanzu suna zuwa da wata dabara ta kashe inji daga nesa: ki aika saƙo daga wayarki, babur ya mutu duk inda yake. Abin sha'awa ne, kuma shi masu sayarwa suka fi talla da shi. Kamfanonin da ke ba da babur bashi ana biya kaɗan-kaɗan, a Nijeriya da Kenya da Uganda, sukan ɗaura irin waɗannan na'urori kafin su miƙa makulli. Amma a yi hattara. Babur da ke gudu a babban titi, inji ya mutu ba zato, ga tirela a baya, wa ya san wanda ke kai? Mai yiwuwa ɓarawo ne, mai yiwuwa kuma ƙanenki ne ya ara wa abokinsa bai faɗa ba, ko yana ɗauke da mace da goyo. Masu kyau ba sa kashe inji sai gudu ya ragu ƙwarai ko babur ya tsaya. A tambayi wannan kafin a biya. Kada kuma wata ta mai da shi bulalar karɓar balas, yaro ya yi jinkirin kwana ɗaya ta kashe masa inji a tsakiyar hanya.

Tun da mun zo nan, bari in ɗan yi ratse. Na san akwai wadda tun da ta fara karanta wannan shafi wani lissafi dabam take yi, watau ta ɗaura wa babur ɗin mai gida tiraka a ɓoye ta ga inda yake zuwa bayan Isha'i. 'Yar uwa, ki rufa wa kanki asiri. Ɗigo a kan taswira ba ya gaya miki ko gidan abokinsa ne ko na wadda kike zargi, sai dai ya hana ki barci. Duk wanda zai hau babur a gaya masa akwai na'ura a jiki, ko mai gida ne ko ɗan haya. Ba lalle ne ɗan haya ya san lungun da take ba, amma ya san tana nan. Wannan ma kan hana wasu tafiye-tafiyen da ba a yi yarjejeniya a kansu ba.

To, a ce an sace, waya ta yi ƙara, ga ɗigo ya tsaya a wani gida a bayan gari. Sai me? Nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Kada a tara samarin unguwa da gora a nufi wurin. Wanda ke cikin gidan yana iya zama da makami, yana kuma iya zama wani bawan Allah da ya saya bai sani ba, ko kuma ɗigon ya kauce ya nuna gidan maƙwabci. Mun sha jin an kashe mutum a kan zargin satar babur, daga baya aka gane ba shi ba ne. A je wurin 'yan sanda, ko a kira 112, a nuna musu wayar. Su kuwa abin da za su fara tambaya shi ne shaidar cewa babur ɗin naki ne: rasit, lambar inji, lambar shasi, takardun rajista. Abin kunya ne yadda muke adana rasit ɗin kwanuka da na gado, amma takardun babur na miliyan guda suna ƙarƙashin kujerar babur ɗin, ɓarawo ya tafi da su gaba ɗaya. A ajiye na asali a akwati, mahayi ya riƙe kwafi, a kuma rubuta lambobin nan biyu a wani littafi dabam. Baburan da yawa ma ko lamba ba a yi musu ba, har su tsufa da ledar kanti a kujera. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Haka nan mu da ke murna in mai gida ya samo na hannu da araha ba takarda, mu sani da irin wannan ciniki ne ɓarawo ke cin abinci, doka kuma tana hukunta mai karɓar kayan sata.

Game da inshora, kada a ruɗe. 'Yar takardar nan da doka ta wajabta, wadda aka sa kuɗinta naira 3,000 a shekara ga babur daga Janairun 2023, tana biyan wanda aka buge ne ko aka yi wa ɓarna, ba ta biyan sata. Mai biyan sata ita ce cikakkiya, wadda a wannan tsari ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin abin hawa ba, watau naira 50,000 a shekara ga babur na miliyan 1. Ga masu ƙyamar inshora saboda addini akwai kamfanonin takaful. Sai dai a tambaya da kyau ko suna karɓar babur na haya, a kuma sa a karanta sharuɗɗan kafin a sa hannu.

In aka tambaye ni, ga yadda nake gani. Babur na gida, wanda ke zuwa ofis da masallaci da kasuwa ya dawo ya kwana a zaure, ɓoyayyen maɓalli da sarƙa mai kyau sun fi masa tiraka amfani, sun kuma fi araha nesa ba kusa ba, ba su da kuɗin wata, ba ruwansu da sabis. A kafa ƙarfe a cikin siminti a zaure, a riƙa ɗaure shi ta jikin ƙarfen babur, ba ta ƙafar gaba ba wadda ake iya kwancewa. Babur na haya a cikin gari ko kusa da gari, inda sabis ke da ƙarfi, shi ne ya cancanci tiraka, tare da sikiriti mai jinkiri. Kuɗinsu duka bai kai balas ɗin 'yan makonni ba, in aka kwatanta da shekara biyu na adashi. Wanda ke aiki a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kada a sa rai da yawa a kan tiraka. Abin da ya fi tsare shi shi ne ya daina aiki kafin duhu, ya kuma ƙi ɗaukar baƙon fuska zuwa hanyar daji kome kuɗin da aka taya. Kowacce aka zaɓa, a kai wa mai wayarin da ya san aikinsa, domin waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda ita ce ke kashe babur a tsakiyar ruwan sama, wani lokaci ma ta tayar da gobara kusa da tanki.

Abokiyar aikina saura wata biyar ta kwashi adashinta. Ta riga ta sa magini ya kafa mata ƙarfe a zaure, ta sayi sarƙa, ta kuma yi rajistar sabon layi da sunanta ta ajiye a cikin kwalla. Abin da ya rage ba su daidaita ba ita da ƙanenta shi ne wayar wa za ta riƙa nuna ɗigon. Shi ya ce tasa, tun da shi ke hawa, kuma shi ba yaro ba ne da Yaya za ta riƙa ƙirga masa tsayawa. Ita kuwa ta ce in an tare shi a hanya, da babur da wayar tasa za a tafi tare, sa'an nan wa zai duba? Har yanzu maganar tana gaban mahaifiyarsu.